Rakursi: tarihin ƴar kibiyar da ke kan biro

Yawancinmu ba a aji muka fara jin kalmar rakursi ba, a shagon fotokopi muka ji ta. Ka kai kile ɗinka a fitar maka da ekspoze, mai shago ya soka shi a kwamfutarsa, ka dawo ɗaki ka buɗe, sai ka tarar dosiyoyinka duk sun tsiro da wata ƴar kibiya a gindi. Ka danna, ko dai ba abin da ya buɗe, ko wata baƙar taga ta yi wal ta ɓace. Sai na kusa da kai ya leƙo ya ce, "Ai birus rakursi ne, sai haƙuri." Ni sau uku ya same ni a shekarata ta biyu a jami'a, na ukun kuwa saura kwana biyu in miƙa aikin fonoloji. Tun daga nan na ɗauki kalmar kamar sunan cuta, irin su ƙyanda da masassara. Ban san ƴar kibiyar nan tana da tarihi ba, ban san don sauƙaƙa wa mutane aka ƙirƙiro ta ba, sai ranar da na zauna a tsakar gidanmu a Dakoro ina son in yi guda uku da hannuna, na kasa.

Ga yadda aka yi. Bayan karo na uku, wani abokin karatu ya goge min Windows ya sa min Ubuntu, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, ya ce birus ɗin kile ba ya cin wannan. Ban daɗe da fara saba masa ba na samu wata kwamfuta ƴar okaziyo da ta fi tawa ƙarfi. Da hutu ya zo sai na ɗauki tsohuwar na kai wa gwaggona.

Gwaggo ita ce mai riƙe da littafin asusun matan unguwarsu. Irin asusun nan ne na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, daga baya ya bazu ƙasashe da yawa: mata su haɗu duk sati, kowa ta zuba, a ba mai bukata bashi, ƙarshen zango a raba. Ta ce da can da ka suke riƙe lissafi, kowace mace shaidar ƴar uwarta ce. Da kuɗin suka yi yawa aka koma kaye, aka miƙa mata shi don ta yi makarantar yaƙi da jahilci, tana karanta Hausar boko sarai. Faransanci kam ko bonjur ba ta son a ce mata. Daminar da ta wuce gara ta ci shafi huɗu na kayen, aka yi ta gardama a kan bashin jikka goma sha biyar, har wasu mata biyu da suka yi shekaru suna zumunci suka daina gaisawa. Gwaggo ba ta ci kuɗin kowa ba, amma ita aka riƙa kallo. Shi ya sa na ce bari lissafin ya zauna wuri biyu, a kaye da kuma a kwamfuta.

Na kunna mata, ta gyara zama a kan tabarma, ta daɗe tana kallo.

"Wanga mi na, ɗiyata? Ni ban ga komi ba sai hoton dabba."

"Gwaggo, nan shi ake cewa biro. A nan zan jera miki abubuwan da za ki riƙa dannawa."

"Biro? Tau, wa ka sammace ni?"

Na yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Na jawo hoton manhajar lissafi daga jerin manhajoji zan ajiye a kan biro kamar yadda na saba a Windows, ya ƙi zama. Na duba intanet a salula, na samu wani umarni da ake rubutawa a baƙar taga, na kwafe shi harafi da harafi, na duba biro, wayam. Sai bayan la'asar na gano laifina: mai umarnin ya rubuta Desktop, ni kuwa kwamfutata da Faransanci take, dosiyen sunansa Bureau. Ina ta aika saƙo wani gida da babu shi a garin.

Tambayar gwaggo ce ta tsaya min a rai. Me ya kawo biro cikin kwamfuta? Wa ya ce fuskar na'ura sai ta yi kama da teburin ma'aikaci?

Kafin shekarun 1970 babu wannan zance. Wanda zai yi aiki da kwamfuta sai ya haddace umarni ya rubuta, idan ya kuskure harafi ɗaya ta yi masa shiru ko ta yi masa tsawa. A ranar 9 ga Disamba 1968 wani injiniya, Douglas Engelbart, ya nuna wa taron masana a San Francisco wani ɗan akwati da ake ja a kan tebur, alama tana bin sa a allo. Shi ne abin da muke kira suri, ƴan Najeriya ke cewa linzami. Amma wurin da aka haɗa suri da hoto da taga suka zama abu guda shi ne cibiyar bincike ta PARC a Palo Alto, wadda aka buɗe a 1970. Mai cibiyar kuwa Xerox ne, kamfanin da ya yi arziki da injin fotokopi. Wato ɗan littafin nan da ke hannunku da biron da ke cikin kwamfutarku, kakansu ɗaya.

A 1973 suka ƙera wata na'ura mai suna Alto. A 1975 wani ɗalibin digiri na uku a jami'ar Stanford, David Canfield Smith, ya kawo kalmar da Faransawa ke cewa icône cikin harkar kwamfuta. Asalinta Girkanci ce, ma'anarta sura ko kamanni, kuma daga hotunan tsarkaka na cocin Gabas ya aro ta, domin masu bin wannan coci suna ɗaukar hoton a matsayin wanda ke ɗauke da wani abu na mai hoton. Abin da yake nufi ke nan: ƙaramin hoto a allo wanda idan ka taɓa shi, ka taɓa abin da yake wakilta. Smith yana cikin waɗanda suka tsara Xerox Star da aka fito da ita kasuwa a 1981, kuma a cikinta ne biro ya cika biro: ga takarda, ga dosiye, ga akwatin ajiyar dosiyoyi, ga faifan wasiƙun da suka shigo da na masu fita. Kuɗinta ya kai dala dubu goma sha shida na Amurka, shi ya sa ba ta yi kasuwa ba. Steve Jobs ya riga ya leƙa PARC a ƙarshen 1979, Apple ya fito da Lisa a 1983, sannan Macintosh a Janairun 1984. Wata mai zane, Susan Kare, ita ta zana hotunan Macintosh, tana cike ƙananan gidaje a takarda mai layin dara, gida 32 a tsaye 32 a kwance.

Dabarar mutanen nan mai kyau ce, ba na musu. Sun ce maimakon a koya wa mutum sabon abu, a nuna masa abin da ya riga ya sani. Sai dai mutumin da ke ransu shi ne sakatare da manajan kamfani a Amurka, wanda ya tashi ya ga tebur da kwandon shara a gefensa. A wajenmu fa? Dakoro kanta a 1947 Faransawa suka kafa mata ofishin mulki, kuma a bakin tsofaffinmu biro wuri ne da ake kiran mutum, wurin lanho da sammaci da gardi a bakin ƙofa. Ba wurin da mutum ke baza kayansa yadda ya ga dama ba ne. Abin da aka zaɓa don ya kwantar wa Ba'amurke hankali, shi ya sa gwaggo tambayar wa ya kai ƙararta. (Ku tsallaka Jibiya kuma ku ce wa mutum ya ba ku biro, abin rubutu zai miƙo muku, wanda mu muke cewa bik. Nasu daga sunan László Bíró ne, mutumin Hangari da ya ƙera alƙalamin, namu daga bureau. Kalma ɗaya a kunne, mulkin mallaka biyu a ciki.)

Kwaikwayon tebur ya zo da matsalarsa. Takarda ta gaske wuri ɗaya take zama, in tana cikin dosiye ba ta kan tebur. Idan kwamfuta ta bi wannan doka sau da ƙafa, to duk abin da kake bukata kullum sai ka tono shi daga dosiye cikin dosiye, ko kuma ka kwafe shi wuri biyu, ka gyara ɗaya ka manta ɗaya, gobe ka rasa wanne ne na gaskiya. Masu Unix, kakan Linux, sun warware wannan a jami'ar Berkeley tun farkon shekarun 1980: suka yi wani ɗan fishiye da ba komai a cikinsa sai kwatancen inda wani fishiyen yake. Amma wannan na masu rubuta umarni ne. Apple ne ya kawo shi kan biro a 1991 cikin System 7, ya kira shi alias, wato laƙabi, ana gane shi da sunansa da ke rubuce a karkace. Sai ranar 24 ga Agusta 1995 Microsoft ya fito da Windows 95, a ciki akwai nasa, da ƴar kibiya a kusurwar hagu ta ƙasa. Masu fassara zuwa Faransanci suka ce raccourci, bakinmu ya mayar da shi rakursi.

A nan ne abin ya shigo fagen karatuna. Rakursi suna ne, ba mai sunan ba. Hausawa sun ce suna linzami, kuma aikinsa ke nan, ka ja shi abin ya taho. Idan ka goge rakursi, manhajar tana nan daram. Idan ka kwafe rakursi a kile ka tafi shagon fotokopi, ba ka ɗauko komai ba sai suna. Nawa ne cikinmu suka yi wannan a shekarar farko, suka tsaya suna rantse wa mai shago cewa wallahi aikin yana ciki? Ni dai na yi. Malamanmu na ilimin harshe sukan ɓata sati guda suna bayyana mana bambancin alama da abin da take nunawa, Saussure ya ce kaza, wane ya ce kaza. Da sun tura mu shagon fotokopi da rakursi a kile, da rana ɗaya ta isa.

Wannan rata da ke tsakanin suna da mai suna ita ɓarayi suka samu. Rakursin Windows fishiye ne mai ƙarewa da .lnk, amma Windows ba ya nuna wannan wutsiya, kuma hoton da ke kansa ana iya sa kowane iri. To birus ɗin kile ba ya cinye dosiyoyinka, ɓoye su yake. Sai ya yi rakursi mai irin sunansu da irin hotonsu, wanda idan ka danna, shi birus ɗin zai fara tashi ya shiga kwamfutarka, wani lokaci har ya buɗe maka dosiyen na gaskiya don kada ka farga. Duk kilen da aka soka bayan nan ya kamu. Mu abin ya tsaya mana a ekspoze da memwar, amma ya taɓa kaiwa inda ya fi haka. A 2010 aka gano Stuxnet, wanda ya lalata injunan tace uraniyom na Iran a Natanz. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ya bi ita ce rakursi a kan kile, kuma shi ko dannawa ba ya jira, da Windows ya yi ƙoƙarin nuna hoton rakursin, aiki ya gama. Sai a watan Agusta na shekarar aka toshe wannan kafa. Wani amfani da na samu a Linux ke nan da ban yi zato ba: shi bai damu da alamar ɓoyewa ta Windows ba. Ka soka kile mai cuta, dosiyoyin da aka ɓoye su fito fili, ka goge rakursin ƙarya da baƙon fishiyen da ke tare da su. Na ceto memwar biyu ta haka a ɗakin kwananmu, aka biya ni da kwanon dambu.

Shi Linux wani ɗalibi ne sa'anmu ya fara shi, Linus Torvalds, a Helsinki a 1991, yana ɗan shekara 21. Da farko ba shi da biro na kirki. Wani ɗalibin a Jamus, Matthias Ettrich, ya fara KDE a 1996, wasu samari biyu ƴan Meziko, Miguel de Icaza da Federico Mena, suka fara GNOME a 1997. Biro biyu, kowa da yadda yake ajiye sunayen manhajojinsa. Wajen shekarar 2000 aka kafa freedesktop.org don a daidaita irin waɗannan abubuwa, aka amince da tsari guda: kowace manhaja ta zo da ɗan fishiye mai ƙarewa da .desktop. Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da shi a Oktoban 2004, ya gaji wannan. Amma mutanen GNOME daga baya suka yanke shawarar cewa tara hotuna a kan biro tsohon yayi ne. A 2011 suka kashe shi sai wanda ya kunna, a 2018 suka cire shi gaba ɗaya daga manhajar dosiyoyinsu. Ubuntu ya dawo da shi ta wani ɗan ƙari da ya liƙa. Dalilin da ya sa na ja hoto ya ƙi zama ke nan. Na zo da hannun Windows gidan da suka riga suka fara fitar da tebur waje.

Da dare, bayan kuran ya dawo, na shiga inda ake ajiye fishiyoyin nan, /usr/share/applications, na buɗe ɗaya da manhajar rubutu don in ga abin da ke cikinsa. Na zaci zan ga tarkacen alamomi irin na .lnk, wanda mutum ba ya iya karantawa. Sai na ga rubutu ne zalla, layi bayan layi. Name, sunan da za a nuna. Exec, umarnin da za a tayar. Icon, hoton. A wasu kuma, ƙarƙashin Name akwai jerin layuka masu tsawo: Name[fr] da sunan a Faransanci, Name[ar] da Larabci, Name[de], Name[ja], harsuna gommai. Tsarin shi ne kwamfuta ta duba harshen da mai ita ya zaɓa, ta nemi layinsa, in babu ta koma kan na asali. Na bi jerin da yatsa ina neman ha, alamar Hausa. A waɗanda na buɗe daren nan ban gani ba. Amma ba wanda ya kulle wurin. Layi ne kawai da ba a rubuta ba.

Ba wai ba a taɓa gwadawa ba. Wajen 2006 wasu ƴan Najeriya sun yi Wazobia Linux, suka fassara sassan GNOME zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo. Microsoft ma ya fitar da fassarar Hausa ta Windows a zamanin Vista da Windows 7. Ƴan sa-kai kuma sun shigar da Fulfulde da Sonrai cikin Firefox, harsuna biyu da muke ji kullum a Yamai. Sai dai a jerin harsunan Linux, Hausa da Najeriya aka ɗaura ta, ha_NG. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wannan magana ce ta takarda, kuma muhawara a kanta tana nan. Ni abin da na gani a daren nan ƙarami ne: tsarin fishiyen ya yarda a rubuta Name[ha_NE], kuma masu iya rubuta shi daidai, da ƙa'idar rubutunmu, a sashenmu suke zaune suna jiran a ba su maudu'in memwar.

Tunda kwamfutar gwaggo da Faransanci take tafiya, ban wahalar da kaina da [ha] ba. Na buɗe sabon fishiye a cikin Bureau, na sa masa suna asusu.desktop. Layin farko kalmomi biyu ne, Desktop Entry, cikin baka mai kusurwa, ba a canja su. Ƙarƙashinsa na rubuta:

Type=Application
Name=Littafin Kuɗin Ƙungiya
Exec=libreoffice --calc /home/gwaggo/Documents/asusu.ods
Icon=libreoffice-calc

Faɗa ya fi yi sauƙi, domin a layi na biyu na tsaya cik. Kilabiyen AZERTY yana da é da è da ç da ù, har ù ɗin da kalma ɗaya tak ke amfani da shi a Faransanci an ba shi gidansa. Amma ɗ da Ƙ babu.

Su ma haruffan nan masu ƙugiya doguwar tafiya suka yi kafin su iso allon. Turawan farko da suka rubuta Hausa da boko kowa da dabararsa, wani ya sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya sa waƙafi a gabansa, wani ya bar su haka, mai karatu ya raba da kansa tsakanin fada da faɗa, kafa da ƙafa. Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912. A shekarun 1930 ne hukumar fassara da talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta tsayar da ɓ da ɗ da ƙ, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita ta kai su lungu da saƙo. A ɓangarenmu lakwal ɗin Faransa ba ta san da zaman Hausa a aji ba. Sai bayan ƴancin kai, a 1966, UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita haruffan Hausa da Fulfulde da Zabarmanci da Tamashek da Barbarci da Mandinka. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1978 aka sake zama a Yamai a kan haruffan harsunan Afirka, a 1999 kuma ma'aikatar ilimi ta fitar da dokar da ta tsayar da rubutun Hausar Nijar. Harafin ƴ da kuke gani a takardar nan, wanda maƙwabtanmu ke rubutawa 'y, namu ne na wannan ɓangare.

Da kwamfuta ta zo sai aka koma baya. Jadawalin haruffa na farko da ya yaɗu, ASCII na 1963, gurbi 128 gare shi, ko é na Faransawa bai samu shiga ba balle ƙ. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙera nau'o'in rubutu masu ƙugiya, Rabi'at da Abdalla, marubuta da mawallafa suka ji daɗinsu ƙwarai. Matsalar duk irin wannan dabara ita ce ƙugiyar tana cikin nau'in rubutun ne, ba cikin harafin ba, idan ka kai aikin kwamfutar da ba ta da shi sai ka ga wasu alamomi daban. Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, shi ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, kuma haruffanmu suna ciki tun farkon shekarun nan. An dai warwatsa su: ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin fonetik, irin waɗanda muke zanawa a jarrabawa, manyansu da ƙ da ƴ suna wani rukuni. Wato fiye da shekara talatin lambobin suna nan, kilabiye ne bai zo ba. A Ubuntu akwai tsarin kilabiyen Hausa, amma a kan QWERTY aka gina shi, a injinmu sai haruffa su rikice. Hanyar da na bi ita ce ta lamba: ka danne Ctrl da Shift da U tare, ka saki, ka rubuta lambar, ka buga Entrée. Lambar ɗ 257, ta ɓ 253, ta ƙ 199, babbar Ƙ 198, ta ƴ kuwa 1b4. Na rubuta su a ƴar takarda na liƙa da sikoc a gefen kilabiye.

Na adana fishiyen, ya fito a kan biro, amma ba hoto, kuma da sunansa na asusu.desktop. Na danna, ya ƙi. Na ce yau kuma me? Ashe tsoron abin da ya same mu a kile ne ya sa haka. An gano cewa shi ma fishiyen .desktop ana iya yi masa shigar burtu, a ba shi suna da hoton takarda alhali umarnin ɓarna ne a ciki, shi ya sa tun wajen 2017 ba ya tashi sai mai kwamfuta ya danna shi da maɓallin dama na suri ya ba shi izini. Na ba shi. Nan take koren hoton LibreOffice ya bayyana, a ƙarƙashinsa Littafin Kuɗin Ƙungiya, ƙugiya biyu cif. Ƙarfe ɗaya na dare ya wuce, ba wanda zan nuna wa sai akuyar da ke ɗaure a gindin bedi.

Da safe na kira gwaggo ina ji da kaina. Ta karanta a hankali, tana bin haruffan da yatsa.

"Littafin Kuɗin Ƙungiya. Wace ƙungiya kuma? Mu asusu muka cewa. Sa Asusu."

"Gwaggo, ai wannan ya fi bayani."

"Bayani ga wa? Ni ka buɗe shi ko ke?"

Na goge, na rubuta Asusu. Duk wahalar daren jiya, kalmar da take so ko ƙugiya ɗaya babu a cikinta. Na huce a kan sauran biyun: manhajar rubutu ta ce a sa mata Wasiƙa, dosiyen hotuna kuma Hotunan ƴaƴa. Ni da na so in fassara sunan manhaja, ita aikin da za ta yi da ita take so a rubuta. Na lura masu fassarar kwamfuta da yawa irin kuskurena suke yi, shi ya sa mutum kan karanta Hausar allo ya ji kamar ba Hausa ba.

Ita ce ma ta raɗa wa rakursin suna. Ni ina ta juyayi tsakanin gajeriyar hanya, wadda ake gani a fassarori, da yanke, wadda muke faɗa idan mutum ya bar babbar hanya ya ratsa ta gonaki. Da nake mata bayanin cewa lissafin ba a cikin hoton yake ba, yana can ciki, hoton kai ta kawai yake, sai ta ce, "Tau, ƙofa ce ke nan." Tun daga ranar ƙofa muke cewa. A ganina ta fi duka biyun, domin gajeriyar hanya tana gaya maka saurin zuwa ne kaɗai, ƙofa kuwa kowa ya san ba ita ce ɗakin ba.

Sati shida da komawata Yamai, ina cikin amfi, ta yi ta kira. Na fito na kira ta, muryarta na rawa.

"Ƙofar Asusu ta ƙi buɗewa, gobe kuma ranar zubi. Kuɗin mutane, ɗiyata."

Na tambayi wa ya taɓa. Ashe autanta ne, ɗan kolej, ya ga fishiye mai suna asusu da ƙaramin harafi, ya ce a lakwal an koya musu suna da babban harafi yake farawa, ya gyara shi ya koma Asusu. Windows ba ya bambanta babba da ƙarami a sunan fishiye, Linux kuwa yana bambantawa, kuma ƙofar da na yi kwatance kawai ta riƙe, ba ta bin fishiye idan ya canja suna kamar yadda alias na Apple ke yi. Na ce ta kwantar da hankalinta, ko dala ba ta ɓata ba, ta ba shi salular. Ya mayar da harafin yana ta gunaguni cewa shi dai ya san daidai ya yi. Na ji ƙarar danna suri sau biyu, sai shiru, sai muryar gwaggo daga nesa tana karanto sunayen mata da abin da kowa ta zuba satin da ya wuce. Da ta karɓi salular ba ta ce komai a kan abin da ya faru ba. Ta ce in na zo hutun tsakiyar shekara in yi mata ƙofa ta huɗu, ta karatun Alƙur'ani, kuma in taho da sabon sikoc don ƴar takardar lambobin ta fara ɓanɓarewa.